Makarantar da Zoɓo Ya Cinye

Ni tsohuwar malamar firamare ce. Na yi ritaya, ina zaune gidan ɗana a nan Nassarawa GRA ta Kano, unguwar da katanga ta fi zumunci tsawo. Aikina zaman baranda da sa ido, ban taɓa musantawa ba. Ta haka na san Ƙasimu, mai gadin gidan Alhaji Baffa da ke kallon namu.

Ƙasimu mutumin wani ƙauye ne a Jigawa, inda ake noman zoɓo. Dogo ne siriri, ba ya son surutu, sai fa in an taɓo zancen 'yarsa Raudatu. To a nan sai mutum ya nemi kujera. Shi daga aji biyu babansa ya cire shi saboda kiwon awaki, abin kuma bai daina yi masa ciwo ba. Burinsa ɗaya ne a duniya: Raudatu ta ci jarrabawar shiga sakandare. Duk hutun da ta zo da uwarta Mairo, sai ya turo mini ita, ya ce, "Gwaggo, a gwada mana ita." Yarinyar kan yi karatu da sauri har sai na ce ta ja numfashi.

Matsalar ita ce iska ta yaye rufin makarantar ƙauyen. Hadari na haɗowa, an tashi ke nan. Ƙasimu ya daɗe yana juya maganar a ransa, rannan dai ya durƙusa ya faɗa wa maigidansa. Alhaji Baffa ɗan kasuwa ne mai fitar da amfanin gona ƙasashen waje, yana kuma da wata gidauniya mai dogon suna, wai ta yaƙi da talaucin karkara. Nan take ya amsa. Aka kafa sabon kwano, aka yi daɓen siminti, aka sa ƙofofin ƙarfe da manyan kwaɗuna. Na tambayi Ƙasimu me za a sata a ɗakin da babu komai sai allo. Ya yi dariya, ya ce, "Ai Alhaji ba ya aiki rabi da rabi, Gwaggo." Aka yi bikin buɗewa, aka sha hotuna, aka manna dutse mai sunan Alhaji a bango. Makulli ɗaya yana hannun yaran Alhaji, ɗayan aka ba Ƙasimu don girmamawa, ya rataya a wuya kamar laya.

Da kaka ta yi, sai ga dalilin kwaɗunan. Motocin Alhaji suka shiga ƙauyen sayen zoɓo, aka ce a ɗan jingina buhuna a aji guda kafin babbar mota ta zo. Ƙasimu ya ji labari ya haɗiye, don wanda ya yi maka rufi ba za ka hana shi inuwa ba. Abin da bai sani ba shi ne, daga ajiya an koma tsinta. Zoɓon da za a fitar waje sai an cire masa kara da tsakuwa, ƙananan yatsu kuwa sun fi sauri. Aka zaunar da yara a cikin ajinsu suna tsinta daga safe har azahar, aka raɗa wa abin suna "koyon sana'a". Malami ɗaya tilo da ya rage a makarantar aka ba shi aikin awo. Iyaye suka yi shiru tunda yaro na dawowa da ɗan abin miya, ni kuma ban ga laifinsu ba. Laifin yana kan wanda ya san abin da yake yi.

Da hutu Raudatu ta zo. Na miƙa mata littafi, sai na ga yatsunta jawur har cikin farce. Shafin da take tsallakewa da gudu bara, shi ne ta tsaya tana lalube. Na ce, "Ke lafiya?"

Ta ce, "Gwaggo, tun kaka ba mu yi karatu ba. Amma fa duk ajinmu ba mai riga ni cika buhu."

Murmushin da ta yi tana faɗin haka shi ya fi ƙona mini rai. Ƙasimu yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai.

Washegari da safe ya buɗe wa Alhaji get, amma bai matsa ba. Ina baranda, kunnena kuwa garau yake.

"Ranka ya daɗe, wata alfarma nake nema. A kwashe kayan nan daga makaranta. Jarrabawar yaran ta matso."

Alhaji ya sauke gilashi. "Kai Ƙasimu, waɗanda suka gama bokon me suka tsinana? Ga su nan suna yawo da takarda. Ni sana'a nake koya wa 'ya'yanku, ku ci gumin kanku. Maimakon godiya?"

A bayan motar nan kuwa Najla da Usaid ne, 'ya'yansa, cikin kayan makaranta masu guga, za a kai su makarantarsu ta Badawa. Su ba sa bukatar sana'ar ne? Ban taɓa ganin an zube musu buhu a gaba ba. Allah ya sani, sai da na cije leɓe don kada in sauko.

Ƙasimu ya nemi izinin zuwa gida. Ya buɗe ajujuwan da makullin wuyansa, shi da Mairo da wasu mata suka fitar da buhunan, suka jera su a kan itace, suka lulluɓe da tamfol don kada ko kwano guda ya lalace. Suka share ɗakunan. Ya dawo Kano, ya durƙusa, ya sa makullin a hannun Alhaji, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Kafin la'asar an sallame shi daga aiki, yana tsaye a titi da tabarmarsa da buta. Ya kwana wurin wani ɗan garinsu a Tudun Wada, ya koma ƙauye.

Da Alhaji a nan ya tsaya, da na ce fushi ne irin na ɗan Adam. Sai ya tura kafintoci suka ɓalle kwanon nan kaf, suka cire ƙofofin, wai ai kayansa ne. Dutsen mai sunansa kawai suka manta, yana nan a bango.

Yanzu Ƙasimu ya haɗa kan matan ƙauyen. Su suke tsince zoɓonsu a gida, shi ya kawo kasuwar Dawanau ya sayar ba tare da ɗan tsakiya ba, a kowane zuwa kuma a ware kuɗin kwanon rufi. Kwanaki ya biyo gaishe ni, ya rame, amma murya ta ƙara ƙarfi. Ya ce sun rufe rabin aji ɗaya. Na ce madalla, ina Raudatu?

Ya ɗan sunkuyar da kai. "Ba ta ci ba, Gwaggo. Tana maimaita aji shida. Ta fi kowa tsawo yanzu, sai aka sa ta a layin baya."

Na ce, "To ai ba komai, baɗi ta ci."

Ya ce, "Insha Allahu. Layin bayan ne dai rufin bai kai ba tukuna."