Ƙofar Kaka a Bayan Bahaguwa

A gidanmu na Tsohon Zango, a Kumasi, kakata Hajo ba ta hura wutar tatsuniya da itacen kasuwa. Guntayen katakon da kafintoci ke zubarwa take so, wai katakon da ya taɓa yin aiki ya fi zama ya saurara. A ƙarshen 1969, cikin watan azumi, ina da shekara tara, abin da muka riƙa ƙonawa shi ne ruɓaɓɓen bodin motar kakanmu.

Rediyo ne ya kawo sanarwar: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin kwana goma sha huɗu. A Kumasi aka haifi babana, ni ma haka. Amma kakanmu daga Tawa ya zo fataucin goro, kuma har ya rasu ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Mu goma sha ɗaya ne a gidan. Baba ya je tasha sau uku, ya tarar mutane suna kwana a kan ƙunshin kayansu, manyan motoci kuwa duk an kama. Abin da ya rage mana shi ne Bahaguwa, motar kakanmu.

Motar Amurka ce mai dogon hanci, ba ƙarama ba, ba kuma irin manyan nan ba. Sitiyarinta yana hagu, a ƙasar da a lokacin ake tuƙi ta hannun hagu, shi ya sa direbobi suka sa mata wannan suna suna dariya. Shekara shida ta yi a bayan gida, kaji na ƙwai a mazaunin direba. Kawu Idi, bakanike, ya shiga ƙarƙashinta tun daga asuba. Ba ya iya zuƙo fetur da baki sai an sha ruwa, don haka rabin aikin yakan jira magariba. Maƙwabcinmu Papa Kwaku kafinta ya ƙwanƙwasa ƙarfenta ya ce wa Baba, “Malam, mota nan ya tsufa, amma kashi nasa da kyau. Kawo katako, ni zan yi.”

Katako kuwa babu, kowa na harhaɗa akwati. Sai aka fara cire ƙofofin ɗakuna. Ta Baba ta zama ƙasan bodi, ta Kawu da ta madafa suka zama gefe, gadaje suka zama benci. Ranar kwana na goma sha biyu, wuri ɗaya ya rage a buɗe: baya, inda yaro zai iya zamewa ya faɗi a kan hanya. Ƙofa ɗaya kuma ta rage a gidan, ta Kaka, kuma ta ce ba inda za ta.

“Mma, ki dubi Allah,” in ji Baba.

“Na dube shi. Ubanka yana kwance a garin nan. Wa zai riƙa kai masa ziyara? Kwaku?”

“Za su kama ki.”

“Su kama. Sai su goya ni, don ba na tafiya.”

Baba ya ce in ba ta tafi ba, shi ma ba zai tafi ba. Innata ta shiga ɗakin da ba ƙofa ta juya mana baya.

Da aka idar da asham a ranar, Kaka ta zauna a bakin wuta kamar kullum. Ta ce, “Ga wata nan ta taso, wa zai tare ta?” Muka ce mu ne. Labarin motoci ta ɗauko, wanda mun ji shi ya fi sau ashirin.

Wani maƙeri ne a ƙetaren teku, ya ƙera ’ya mai kai da ƙashin baya kawai, ba riga, ba zane, ya ɗora ta a jirgin ruwa. Ba ta farkawa sai an murɗa mata ƙarfe a hanci, in kuma ta farka da fushi ta karya hannun mai murɗawa. Amma ba ta da nauyi, tana bin hanyar jakuna inda motocin Ingila masu ƙiba ke nutsewa a taɓo. Ita ta haifi wadda ta tafi yaƙin Bature ta dawo da launin ganye, tana tari. Wannan ta haifi mai dogon hanci da ake tashinta da mabuɗi. “Ga ta can tana jinmu,” Kaka takan ce, ta nuna bayan gida da leɓe. Daga nan aka haifi marasa hanci, masu shan gas, direba na zaune a kan injin kamar kaza a kan ƙwai. Kowacce tsirara take sauka, kafintocin garin su ɗinka mata rigar katako. A kullum labarin yakan ƙare ne da motar ta yi godiya, ta ɗauki goro ta yi arewa, ta dawo da shanu.

A wannan dare ba ta tsaya a nan ba. Ta ce wata rana mutanen garin suka taru suka ce wa motar ta tuɓe, rigar ta itacen dajinsu ce.

Ƙanena Sale ya ce, “Kaka, ba haka yake ba.”

“Kai ka ƙera ta? Rufe baki, mijin banza.” Ta tura wani katako cikin wuta. “Sai motar ta ce, ku karɓa. Ta tsaya tsirara a tsakiyar kasuwa, kunya ta kama ta, ta ce ita ba za ta motsa ba ko da za ta ruɓe a nan. Sai ta ji motsi a bayanta. Ashe ’ya’yan mutane ne zaune a kan ƙashinta, ba abin da ya tare su.”

A nan ta tsaya. Muka jira. Baba yana tsaye a inuwa, Kawu yana gefensa da mai har gwiwar hannu.

“Daga nan fa?” na tambaya.

“Daga nan ban sani ba, ban taɓa kaiwa nan ba.” Ta dubi Sale ta daɗe, shi da ko a kan tabarma ba ya zama wuri ɗaya. Sannan ta ɗaga murya ta kira Baba ba tare da ta waiwaya ba. “Audu, ka ce wa Kwaku ya zo da asuba ya cire ƙofar. Ya bi ta a hankali, ubanka ne ya kafa ta.”

 Baba ya durƙusa a inda yake.

Tsohuwa ba ta kwana a ɗakin da ba ƙofa, kowa ya san haka, ita ma ta sani. Washegari aka kai ta maƙabarta ta yi sallama da kakanmu, jibi muka tashi. Ta ƙi zama gaba. A baya ta zauna, ta jingina da ƙofarta, ƙafar Sale a hannunta. A mashigar Yeji mun tarar da manyan motoci sun yi layi suna jiran jirgin fito, aka sami ɗan gurbin da ba wadda za ta shiga sai tamu. Da muka ƙetare iyaka, hanya ta koma hannun dama, Kawu ya yi dariyarsa ta farko cikin mako biyu, ya ce ashe duk shekarun nan Bahaguwa ce mai gaskiya.

Da na girma na karanta tarihin waɗannan motoci matsakaita, na ga Kaka ba ta kauce ba: daga na murɗawa zuwa na mabuɗi, daga fetur zuwa gas, daga dogon hanci zuwa shafaffen goshi. Na daɗe ina ɗauka cewa don ta kwantar mana da hankali ta sauya ƙarshen labarin. Yanzu da na kai shekarunta na gane ba mu take ba wa ba. Kanta take lallashi, a gabanmu, don kada ta sami damar janyewa.

Ta rasu a Tawa bayan shekara biyu, ba ta sake ganin Kumasi ba. An sayar da Bahaguwa, amma Baba ya cire ƙofar kafin a tafi da ita. Tana ɗakina yanzu. Ramukan ƙusoshin Papa Kwaku suna nan, rana na shigowa ta cikinsu da safe.