Baba Mati, Mai Hana Ruwa Shiga Ɗakin Gwaji

Kullum da safe, kafin a buga ƙararrawa, Baba Mati na Ketare yakan jera kwalabe a kan tabarma a bakin ɗakin gwajin makarantarmu, ya bar rana ta busar da su ƙayau. Shekara goma sha tara ke nan. A takardar ma'aikata, mai shara ne. Amma duk malamin kimiyyar da aka turo mana, da digirinsa da nakatayal ɗinsa ɗaure a wuya, a wurinsa yake koyon haɗa asid kulorayid.

Ga wanda Allah ya hutar da shi daga wannan ilimi, wani ruwa ne garau da ake samu idan an haɗa asid da wani gari, aka ɗumama a hankali, tururin ya huce ya ɗiga cikin busasshiyar kwalba. Ba ya ga maciji da ruwa. Ɗigo ya taɓa shi, sai ya yi tsartuwa, ya tashi da hayaƙi mai cin ido da huhu. Gwamnati, da arzikin mai ya dame ta, ta aiko mana da akwatin zuƙe hayaƙi daga Turai. Yana nan cikin katakonsa, yana jiran lantarki. Baba Mati kuwa tagogi yake buɗewa, ya duba iska kamar mai shiƙar gero, ya tsayar da ɗalibai inda take fitowa.

Bara da damina kwalba ta suɓuce a hannun wani ɗalibi, daidai lokacin da sufeton da ya zo duba mu zai wuce alwala. Ya ga hayaƙi, ya yi abin da kowane ɗan kirki zai yi, ya rugo da butarsa. Malama Lidiya, mai koyar da ajin, ta ce a bakin ƙofa Baba Mati ya cafke hannunsa.

"Alhaji, aje butar nan."

"Baba, ba ka ga hayaƙi ba?"

"Na gani. Wanga in ka ba shi ruwa, ɗiyan mutane talatin za ka maida gida da sandar makafi."

Ya kora yara waje, ya toshe hanci da hula, ya shiga da bokitin yashi. Tun ranar tari bai sake shi ba. Sufeto ya rubuta a rahotonsa cewa ya tarar da yashi a tsakar ɗaki, a ja kunnen mai shara.

Kai ne shingen gona, Baba, ba a ganin amfaninka sai ranar da ka faɗi. Ƙarshen watan nan za ka aje aiki, ka koma Ketare. Tun da na ji gabana ke faɗuwa, domin 'yata Safara'u na cikin ajin da zai yi gwajin baɗi, kuma ban ji an tambaye ka komai kan sirrin aikin ba.

Mun gode, Baba Mati, Allah ya ba ka lafiya. Ku kuma masu digiri, ku ɗauki alƙalami ku bi shi gida, ku tambaye shi tun yana da numfashin amsawa.