Ranar da Inna Ta Juyo

Sanƙarau ya kwantar da ni ina aji shida a Haɗeja, na tashi ba kunne. Baba ya kai ni Kano aka ba ni wata 'yar na'ura mai waya, a rataya ta a ƙirji, a cusa kanta a kunne. Mutanen gida suka ce alhamdulillahi, ta warke. Ina fa! Ƙara nake ji, amma maganar duk ta dame kamar kunu. Muryar maza mai kauri nakan tsinci wani abu a ciki. Ta mata kuwa ba ta da maraba da kukan kwaɗin fadama. Masu yi mini ihu su suka fi ba ni haushi, don hayaniyar kawai suke ƙara mini.

Sai na koyi kallon baki. Baba ya saba, ƙannena suka saba, har mai kawo mana kifi daga Auyo yakan dube ni kafin ya yi magana. Inna ce kaɗai ba ta juyowa. Ni ce 'yar fari, a gidanmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi. Tun ina ƙarama bango take fuskanta ta ce a gaya wa waccan ta ɗebo ruwa, ni kuma in ji in tashi. Yanzu sai dai in ga ɗankwalinta na motsi, in jira ƙanwata ta zo gabana ta maimaita. Abin ya ci mini rai. Gida cike, ana ta dariya, ni ina gefe ina tsintar shinkafa.

Goggo ta yi mata faɗa, ta ce wace irin kunya ce da yarinyar da ba ta ji. Inna ta ce ita dai ba ta iya ba.

Ranar da zan tafi makarantar kwana na durƙusa a ɗakinta in yi sallama. Ba kowa sai mu biyu. Ta ajiye rariya, ta juyo gaba ɗaya, ta dube ni sosai, ta fara magana. Wallahi ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba, haka aka koya mini tun ina rarrafe. Ta daɗe tana magana, muryarta na ta shiga na'urar, ni ina kallon tabarma. Da na ɗago ta gama, ta koma kan tankaɗenta.

A tasha Baba ya tambaye ni me ta ce.

"Addu'a ta yi mini," na ce.

Har yau ban sani ba ko addu'ar ce.