Dilon da na koyar ban iya ba

Ana kiran assalatu muka bar Tasawa, ni da wata maƙwabciyata da za ta Mayahi sarin tabarmin kaba. Ni kuwa ƙauyen gwaggona na nufa, can gaba da Sarkin Hausa, don in ɗauko mana girke-girken tsofaffi kamar yadda na yi muku alkawari a zaurenmu na waya. Za ku tuna jajibirin tafiyar na turo saƙon murya a kan dilo, wato ƙwayar 'ya'yan anza da mutanenmu ke ci idan rumbu ya yi ƙasa. Na ce a jiƙa shi ya kwana kamar wake, a wanke, a dafa, a sa mai da yaji da albasa. Da bakina na faɗa, har da ƙarin cewa haka kakata ke yi. Matar ƙanena, wadda cikinta ya tsufa kuma kwaɗayi ya sa ta gaba, ita ta fara amsawa. Ta ce an kawo wa mijinta ɗanyen dilo daga Bawdeta, yanzu za ta jiƙa, gobe shi ne abincin ranarta.

A tasha direba ya ce esans, wato man fetur, ya hau, don haka kuɗin mota ya hau, amma wurin zama bai ƙaru ba. Ni da wani buhun albasa muka raba kujera, kuma shi ya ci rabo mai tsoka. Hanya dai sai a hankali, ruwan bana ya cinye gefenta, amma gero ya yi kore shar ko'ina. Da muka shiga ƙasar goriba na san Mayahi ta kusa. A nan muka karya da ƙosai wurin wata mata da ta ce sirrin nata bai wuce bugu ba: a bugi ƙullun har hannu ya gaji, kuma kada a sa gishiri sai mai ya yi zafi. Na riƙe muku wannan.

Na rabu da maƙwabciyata na hau kabu-kabu zuwa Sarkin Hausa, daga nan amalanken sa ta ƙarasa da ni cikin rairayi. Tun a hanya rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, ban ko damu ba. Na iske Gwaggo gab da azahar, ta dama mini fura, muka gaisa. Sai rawar kai ta sa na kunna mata saƙona don ta ji 'yarta ta zama malamar girki. Ta saurara tana murmushi, har aka zo kan jiƙon kwana guda. Nan ta ajiye ludayi.

"Wa kinka hwaɗa ma wagga magana?"

Na ce mata da yawa ne, sun kusa cika gidan biki.

"Ɗiyata, dilo ba wake ba ne. Kwana da kwanaki shika yi cikin ruwa, ana zubarwa ana sakewa, sai ɗacin ya hita sarai. Ko ruwan jiƙon ba mu bari akuya ta sha. Wanda duk ya ci shi haka, sai wani ikon Allah."

Ashe abin da na gani ina yarinya ƙarshen aikin ne. Kakata a bayan ɗaki take jiƙonta, ni kuwa sai ya shiga tukunya nake zuwa. Da na gaya wa Gwaggo akwai mai ciki da za ta ci yau da rana, ba ta yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Tsohuwar da ke tafiya da sanda ita ta riga ni fita ƙofa.

Akwai wani tudu a bayan gari inda ake hawa neman rezo. Na hau shi da gudu, takalmi a hannu. Na kira matar ƙanena, waya tana ƙara ba a ɗauka. Na sake, na sake. Na kira ƙanena, a kashe. Na yi saƙo zuwa zaure cewa kowa ya dakata da dilo, saƙon ya tsaya yana juyi ya ƙi tafiya. Ina jin ladan ya kira azahar a ƙasa, na kuma san a gidan ƙanena da an idar da salla ake zuba abinci. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan tudu ba. Daga ƙarshe saƙon ya tafi, amma ita ba ta buɗe ba.

Ban ko koma na ɗauki tsarabar da Gwaggo ta fara haɗawa ba. Wani mai moto ya yarda ya kai ni Mayahi kai tsaye. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska na tura mu, ƙafar moto na zamewa cikin rairayi. Sau biyu muka kusa faɗuwa, amma ba ta kaina nake ba. Abin da nake gani kawai shi ne yarinyar nan zaune kan tabarma da kwano a gabanta, tana ci saboda ni na ce a ci. Ina ta tunanin abin da zan gaya wa ƙanena.

A Mayahi motar Tasawa ta ƙi cika. Da ta cika, ruwa ya sauko, muka tarar da wani kwari ya kawo, dole aka tsaya ya rage. Fasinjoji na ta hirar kyan damina, ni ina gefe ina danna lamba ɗaya. Wata dattijuwa ta lura da ni, ta tambaya ko rasuwa aka yi mini. Na ce ban sani ba tukuna.

Dab da magariba na isa gidan ƙanena. Ƙofa a buɗe, ba kowa, wayarta na kan taga. A madafa na ga tukunyar, an ɗebi gefe guda. Na lasa da ɗan yatsa, ɗacin ya kai mini har ƙeya. Maƙwabta suka ce tun bayan azahar take amai, an kai ta likita.

Na same ta kwance ana yi mata ƙarin ruwa, ƙanena na tsaye bakin gado. Ma'aikaciyar ta ce an kawo ta da wuri, ta kuma saurari cikin, ɗa na motsi. Sai a lokacin na zauna a ƙasa. Na tambaye ta don me ba ta zubar ba tun lomar farko, abu mai ɗaci haka. Ta ce ta ɗauka haka yake, tunda ni na faɗa, shi ya sa ta daure ta yi ta turawa. Sannan ta kamo hannuna.

"Yaya, ki yi haƙuri. Ina ga ni ce ban iya ba, na ɓata miki girkinki."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari aka sallame ta, na kai ta gida, sannan na koma nawa. Na bi matan zaure ɗaya bayan ɗaya, Allah ya taimaka babu wadda ta kai ga dafawa sai ita. Ga gyara, daga bakin Gwaggo: a jiƙa dilo kwanaki, ana sake ruwa safe da yamma, a zubar da ruwan nesa da dabbobi da yara, kuma kada ya shiga tukunya sai an taɓa a harshe an ji ba sauran ɗaci ko kaɗan. Wadda ba ta da tsohuwa kusa da za ta duba mata, ta haƙura da shi.

Na tafi neman girki, na dawo da sanin nauyin bakina. Akwai masu jin maganata su hadiye ɗaci don sun yarda da ni. Daga yau ba zan ƙara turo muku abin da ban dafa da hannuna na ci da bakina ba.