Kifin da Dodo ya ƙi ci

Dodo masunci ne, mutumin Ƙofar Kware. Tun ina saurayi nake sayen kifinsa a gadar Kwalkwalawa ina yin banda. Ba ya dogon ciniki, ba ya rantsuwa, bai kuma taɓa cusa mini ruɓaɓɓe a ƙasan kwando ba. Iyakar sanina da shi ke nan, kuma ya ishe ni.

A ranin bara kifin Rima ya canza hali. Tarwaɗar da aka sani kwance cikin laka ta taso sama da tsakar rana tana haki. Karfasa ta daina gudun inuwar mutum, sai ta yi ta kewaya wuri ɗaya kamar mashayi. Da hannu ma kamawa ake yi. Abin ya fi tsanani a gurbin da Dodo ke jefa birgi, ragarsa ta kamun kifi, ƙasa da inda masu shinkafa ke wanke tankin feshi, kusa da bakin kwatar da ke kawo dattin gari. Kowa na ganin wannan. Amma masu shinkafa suna da yawa, kwata kuwa ba ta da mai ita. Dodo shi kaɗai ne.

Sai aka fara raɗa cewa gubar gamalin yake zubawa a ruwan.

A al'adar masuntan nan, wanda aka zarga da guba sai ya ci kifin da ya kamo a gaban jama'a. In ya ƙi, ya bar ruwa. Sarkin Ruwa Attahiru ya sa na gasa tarwaɗa guda.

"Bisimilla, Dodo," in ji Mansur, masuncin da ya daɗe yana kwaɗayin gurbin. "Ko azumi kaka yi?"

Dodo ya ɓare ta, ya shinshina, ya ajiye.

"Ranka ya daɗe, ban zuba komi ba. Amma wanga kifi ba ni cin shi, ba ni ba ɗiyana. Ruwan ne ba lahiya."

"Wa ya ɓata shi?" in ji Sarkin Ruwa.

"Ban gani da idona ba."

Nan take aka karɓe birginsa. Yanzu dakon albasa yake yi a kasuwa, da furfurarsa.

Mansur ya gaji gurbin. Kifi na nan yana kewayawa, kwandon Mansur kullum cike. Ni na koma sayen na masu kiwo. Ban san wanda ya ɓata ruwan ba. Na dai zuba ido, har yau ban ga Mansur ya kai ko guda gida ba.