Kasarol ɗin Ramatu

Wurina a gaban murhun Kaka sananne ne: gefen ƙafarta ta hagu, inda zaninta yake ƙanshin hayaƙi da man shanu. Mu bakwai ne jikokinta a gidanmu na Tawa, amma ba wanda ya taɓa gigin zama nan. In an ci tuwo, sai ta tura guntun icce cikin wuta, ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Ku matso, ga ta nan ta taho, ta sha tahiya." Mu ce ta iso mu ji ta. Ni ce mai fara amsawa, ni ce mai yi wa ƙanana tsawa in sun yi gyangyaɗi. Iyayi dai, na yi shi son raina.

Kaka tana da al'ada. In jikanyarta ta isa riƙe miya, da kanta take kai ta kasuwa ta zaɓa mata tukunya. Shekarar da na cika goma sha ɗaya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ta kai ni wurin wata mai tukwane 'yar garin Afala. Sai da ta ƙwanƙwasa tukunya ta kai goma da bayan yatsa, tana kara kunne. Wadda ta yi ƙara busasshiya a ajiye ta gefe, wadda ta yi "dum" a mayar. Ta juya gindin ta shafa kaurinsa, ta gwada murfi, sannan ta haɗa mini da maburgi da sabon ludayi fari tas. Muka dawo gida, ta sa na dafa dusa a ciki kwana biyu don ta daina warin ƙasa. Ranar nan ko ɗiyar kwamanda mai mulkin gari ban ɗauka ta fi ni ba.

Murnata ba ta yi wata biyu ba. Aka dawo da ƙanen mahaifina, Baba Sule, malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Yamai zuwa Tawa, ya sauka a gidanmu da iyalinsa. 'Yarsa Ramatu sa'ata ce. Da aka kwance kayansu, sai ga wata 'yar tukunyar ƙarfe mai dogon hannu da murfi, tana ƙyalli har kana ganin fuskarka a jikinta. Kasarol suke ce mata, kuma ta Ramatu ce ita kaɗai. Akwai babban cokalin ƙarfe, akwai wani ɗan gwangwani mai gari rawaya da suke kira kori. Matan gida suka yi ta miƙa wa juna kasarol ɗin suna salati. Na waiwaya na dubi tukunyata a gindin zana, na ga ta koma baƙa mummuna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kaka. Ta karɓi kasarol ɗin, ta ƙwanƙwasa shi yadda ta yi wa tukunyata, ta yi dariya. "Wagga ba ta da nama, ɗiyata. Ba ta son halshen wuta, garwashi take so. Gobe ki yi mini miyar taku ta Yamai in ji." Da yamma kuma ta jawo Ramatu ta zaunar da ita gefen ƙafarta ta dama. Ban ji ko kalma ɗaya ta tatsuniyar ranar ba. Hannun Kaka nake kallo, yana kan kitson Ramatu.

Washegari da la'asar Ramatu ta ja garwashi gefe, ta ɗora kasarol. Ta soya albasa da man gyaɗa, ta zuba nama da kauɗar tumatir, ta barbaɗa garin nan. Ƙanshin ya cika gida har zaure. Ina laɓe bayan rumbu, wai ni tsinke nake nema. Da ta ga randa ba ruwa, sai ta ɗauki guga ta nufi rijiyar bayan gida. Na fito, na ɗaga murfi, na tsoma ludayina na kai baki. Da ma miyar ba ta yi daɗi ba, da na tafi abina. Amma ta yi, ta yi ƙwarai. Na ɗebo karan gero cike da hannu, na cusa ƙarƙashin kasarol ɗin, na jefa ludayin cikin tukunyata, na fice waje wasa. Duk 'yar da ta tashi a ƙasarmu ta Adar ta san abin da kara yake yi in ya haɗu da garwashi.

Ko da na dawo, ƙauri ya maye gurbin ƙanshi. Miya ta kama, kasarol ya yi baƙi har bakin murfi. Mata suna dariya ƙasa-ƙasa, wai 'yan lakwal sai riƙe alƙalami. Ramatu tana durƙushe tana gurzar gindinsa da yashi, hawaye na ɗiga a hannunta. Aka tambaye ni, na ce ni tun azahar ina waje. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

Bayan tuwo muka taru. Ramatu ta zauna can baya, ni na koma wurina ina ta washe baki. Kaka ta daɗe tana tona wuta kafin ta soma.

Ta ce wata mai gini ce ta ɗebo yumɓu a rami ɗaya, ta gina Tukunya da Tulu, aka sayar da su gida ɗaya. Tulu aka yi masa zane da farar ƙasa, aka ba shi inuwa, 'yan mata suna ɗaukarsa a ka suna yawo da shi gari. Tukunya kuwa kullum tana kan duwatsu uku, wuta na cin gindinta. Ta kasa barci don baƙin ciki. Sai ta kira akuyar gidan ta yi mata alkawarin ƙanzo, in dai za ta tunkuɗe Tulu. Akuya ta kai masa karo, ya faɗi ya tarwatse.

"Tukunya tay yi dariya har muruhinta yah hwaɗi," in ji Kaka. "Da sahe anka ɗora ta bisa wuta, anka tahi neman abin ɗebo ruwa. Ta jira ruwa, ta jira ruwa. Wa ka kawo mata? Sai ji anka yi, tas!"

Ƙanana suka kwashe da dariya. Kaka ta ce tatsuniya ta ƙare, ta koma inda ta fito. Sannan ta dafa kafaɗata. "Habsu, kishirwa nike ji. Ɗebo mini ruwa da ludayinki sabo."

Na tashi da rawar jiki, na ɗauraye shi, na kawo. Sai da na miƙa mata a hasken wuta na ga abin da ban gani ba a duhu. Cikin ludayin, da yake fari tas, ya rine rawaya. A duk gidan, tukunya ɗaya ce aka zuba wa garin nan. Kaka ta karkata shi wajen wuta, ta dube shi, ta dube ni, ta sha ruwanta. Ta mayar mini, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Wanga launi ba shi hita, ja'ira." Ba ta kore ni daga wurina ba, amma daren nan ƙafarta ta yi mini zafi kamar dutsen murhu.

Na so in faɗa, ban faɗa ba. Ramatu ba ta sake ɗora tukunya a gidanmu ba, ba ta kuma sake matsowa gaba ba. Da damina ta wuce aka ɗauke Baba Sule zuwa wani gari. Ranar tafiya ta zo ta ajiye mini kasarol ɗin a kan tabarmata, ta fita.

Shekaru da yawa na ɗauka na gane tatsuniyar: ni ce Tukunya, Ramatu ce Tulu, kada a yi hassada, shi ke nan. Sai da muka haɗu wurin zaman makokin Kaka, kowacce da goyo. Muna wanke kwanoni a bayan gida na tattaro ƙarfin hali na ce, "Ramatu, karan nan na ranar, ni nas saka."

Ba ta ko ɗago kai ba. "Na sani. Ina bakin zana da guga, na gane ki."

"To don mi ba ki hwaɗi ba? Don mi kib ba ni kasarol ɗin?"

"In na hwaɗi, sai a kore ki daga wurinki, ni kuwa ba a ba ni shi. Ke ba ki san yadda nike jin haushinki ba, Habsu. Kaka ta kai ki kasuwa ta zaɓa miki tukunya da hannunta. Ni tawa cikin kanti anka saye ta, ba wanda yaƙ ƙwanƙwasa mini ita. Sai nac ce bari in ba ki abin da kike so, tunda abin da nike so ba ya ɗaukuwa."

Ashe a gidan nan Tukunya biyu ne, kowacce tana ganin 'yar'uwarta a inuwa. Bambancin kawai, ita ba ta kira akuya ba. Ina jin Kaka ta san haka tun farko, shi ya sa ta ba Ramatu ƙafarta ta dama. Ƙafa biyu gare ta, ni ce na ga ba su isa ba.

Tukunyata ta Afala ta fashe tun ban yi aure ba. Kasarol ɗin yana nan, hannunsa ya kwance, gindinsa bai taɓa komawa fari ba. Ba na miya a ciki. Amma in jikokina mata sun isa riƙe miya, ba na kai ɗaya kasuwa in bar ɗaya a gida. Bara har da jikanyar Ramatu na tafi, na ƙwanƙwasa mata tukunya goma kafin na zaɓa.