Kyaftin Mai Kewaye Kududdufi

Ku da kuka zauna da Malam a unguwar Ain Khaled ta Doha kun sani, ba a gama gaisawa da shi bai jawo zancen jirgin yaƙi ba. Kuruza, kuruza! Mutumin Daura fa, wanda ko kududdufi kewaye shi yake yi, shi kuka laƙaba wa Kyaftin. Ni matarsa nake gaya muku, ko kwalekwale bai taɓa hawa ba.

Asalin abin, babansa soja ne, aka kwashe su yaƙin Bama Malam na goye. Zazzaɓi ya kashe shi a hanya, aka sa gawar a teku. Abokinsa da ya dawo ya ce wani ƙaton jirgi mai igwa, wai shi kuruza, shi ya raka su. Da muka zo Doha wurin ɗanmu Babangida, Malam ya rantse ba zai koma gida ba sai ya shiga teku ya yi wa ubansa addu'a, tunda babu kabarin ziyarta.

Sai korona ta kulle mu. Wayyo ni! Babangida ya ba shi waya, ya wuni kallon jiragen Turawa na harbin juna. Ina tuƙa tuwo yana tsaye a kaina: "Hajiya, bakin igwar kuruza inci takwas! Ya fi manya gudu, ya fi ƙanana ƙarfi. Har ƙaramin jirgin sama yake goyawa."

Na ce, "To ya goyo mana kuka, tamu ta ƙare."

Ya kafa mana dokar ruwa, wai sojan teku da buta ɗaya yake wanka. Surukata na wanke-wanke ya leƙo: "Khalas, ya isa, rufe famfon, za ki nutsar da mu!" A tsakiyar yashi, jama'a!

Lokacin gasar ƙwallon duniya aka kawo manyan jirage masu ɗakunan kwana. Kowa na yabo, Malam ya ja tsaki: "Ina igwarsa? Wannan ai otal ne ya faɗa ruwa."

"To Kyaftin, yaushe za mu shiga tekun?"

"Gobe."

Gobe, gobe, har tafiyarmu gida ta zo jibi. Na gyara ɗaurin ɗankwali na ce, "Ko ka shiga yau, ko Daura kaf ta ji."

Babangida ya samo jirgin katako na 'yan yawo. Da rarrafe Kyaftin ya shiga! Ya damƙe mayafina, ido a rufe.

"Hajiya, mun yi nisa?"

"Ko igiya ba a kwance ba."

Da gine-gine suka ƙanƙance a bayanmu, ya saki mayafin, ya miƙe tsaye. Bakina ya yi ƙaiƙayi, na ce, "Ai ba nan aka sa babanka ba."

"Duk ruwa ɗaya ne," in ji shi. Ya ɗaga hannu. "Baba, ga ni. Na makara."

Na riƙe masa riga ta baya har ya shafa.

Damina ɗaya ya ƙara a Daura. Allah ya jiƙan Malam, ya haɗa shi da uban da bai taɓa sani ba, a inda ƙasa ba ta motsi. Amin.